Arha Ba Ta Ado: Jan Kunne Ga Mai Haɗa Kwamfutar Aiki Da Tsofaffin Kayan Saba

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan samarinmu da yawa sun rungumi sana'o'in da ba sa yiwuwa sai da kwamfuta mai ƙarfi, kama daga masu tace finafinai a Kano da Kaduna, zuwa masu zanen gidaje da ke nuna wa mutum siffar gininsa tun ba a haƙa tushe ba, har ya zuwa masu shirya talla da hotuna masu motsi. Dukkansu kuwa akwai matakin da ya zama wajibi su bi ta kansa, wato rendarin, inda kwamfuta za ta duƙufa tana lissafin haske da inuwa da launin kowane ɗigo na hoto. Kuma tun da daƙiƙa guda ta fim tana cin hoto 24 ko 25, minti ɗaya tak yana bukatar hoto kimanin 1,500, wanda idan kowanne ya ɗauki minti biyu, mai aiki zai yi zaman jiran sa'a 50 cur.

Wannan doguwar jira, haɗe da tsadar sabuwar kwamfuta, ita ta karkato da hankalin jama'a ga tsofaffin kayan saba, wato manyan kwamfutocin da kamfanonin Amurka da Turai da Sin suke jerawa a cibiyoyin ajiye bayanai, waɗanda bisa al'ada sukan sauke su bayan 'yan shekaru, dillalai su saye su a sari, su kwance su, su watsa su duniya, har wasu su iso Computer Village ta Ikeja da shagunan titin Beirut a Kano. Kuma adalci ne a faɗa cewa fa'idar ba tatsuniya ba ce. Furosesar Intel mai suna Xeon E5-2680 v4, wadda ta fito a 2016 da farashin da ya haura dala 1,700, tana da ƙwayar lissafi 14, yau kuma ana samun ta da abin da bai taka kara ya karya ba. Idan aka ɗora biyu a kan bod ɗaya an sami ƙwaya 28, alhali manhaja irin Blender, wadda kyauta ce ga kowa, tana raba aikin rendarin ga dukkan ƙwayoyin nan a lokaci guda. Sai dai mai hankali ba ya duban kuɗin saye kaɗai, domin wanda ya sami ingarma da arha, bai tanadi dawa da harawa ba, ya jawo wa kansa ɗawainiya ne.

Babbar mas'ala ita ce wuta. Kowace ɗaya daga furosesocin nan an ƙiyasta ta a kan wat 120, kuma idan aka haɗa da katin hoto da fankoki da sauran tarkace, ba abin mamaki ba ne na'urar ta riƙa jan wat 400 yayin da take tsakiyar aiki. Mu ƙaddara tana aiki sa'a 10 kullum: yunit 4 ke nan a rana, 120 a wata. To, a watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta ɗaga kuɗin yunit zuwa naira 225 ga masu layin Band A, wanda a wannan ƙiyasi ya kama naira 27,000 duk wata, ban da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Wanda kuwa ya dogara da janareta ko batirin sola, nasa lissafin ya fi haka ɗaci, musamman da yake saba tana shan wuta mai yawa ko da tana zaune ba ta aikin komai.

Sa'an nan a dubi siffar na'urar kanta. Saba irin su Dell PowerEdge R730 da HP ProLiant DL380 shimfiɗaɗɗu ne, an ƙera su don a zura su a kanta cikin ɗaki mai sanyi da ba kowa ke zama a ciki ba, saboda haka ƙananan fankokinsu suna juyawa da ƙarar da ke hana mutum jin sautin fim ɗin da yake tacewa. A ƙasarmu kuwa, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke toshe kowace kafa, na'urar za ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai ƙarfin da aka saya ya tafi a banza. Ƙari a kan haka, manyan katunan hoto sau da yawa ba sa shiga cikinta, in sun shiga ma sai an nemo wayar wuta ta musamman. Abin da ya fi dacewa da shago ko ɗaki shi ne kwamfutocin aiki na tsaye na wancan zamanin, irin su HP Z840 da Dell Precision T7910, masu ɗaukar furosesa iri ɗaya ba tare da wannan hayaniya ba.

Wurin da aka fi tafka hasara shi ne rashin dacewar kaya da junansu. Xeon E5 na 2012 da v2 na 2013 suna zama a gurbin LGA2011 da RAM na DDR3, amma v3 na 2014 da v4 na 2016 gurbinsu LGA2011-3 ne da DDR4. Sunayen sun yi kama, alhali ɗaya ba ya shiga mazaunin ɗaya. RAM ɗin saba mai alamar ECC Registered ba ya tashi a kan bod ɗin kwamfutar gida. Jerin E5-1600 ba ya yarda a haɗa shi biyu, sai E5-2600, kuma lallai biyun su kasance iri ɗaya. In ko aka sa guda a bod mai gurbi biyu, rabin ramukan RAM ba za su yi aiki ba. Haka nan tsofaffin nan na 2012 da 2013 ba su da umarnin lissafi na AVX2 da wasu manhajojin yau suka sharɗanta, kuma babu ko ɗaya cikin dangin nan da Microsoft ta lissafa a masu ɗaukar Windows 11, ga shi ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Mai aiki da Blender yana da mafita a Linux, amma wanda abincinsa ke kan manhajar da ba ta tafiya sai a Windows, ya kamata ya yi dogon nazari.

Kafin duk wannan ma, ya wajaba mutum ya tantance irin aikinsa. Yawan ƙwayoyi yana amfani ne a rendarin da furosesa ke yi. Amma yanka fim da jan hoto gaba da baya sun fi son gudun ƙwaya ɗaya, wanda a nan tsofaffin Xeon suna da rauni. Bugu da ƙari, yawancin manhajojin rendarin yanzu suna iya jingina aikin ga katin hoto, kuma katin NVIDIA RTX matsakaici sau da yawa yakan riga furosesa biyun nan gamawa, da wutar da ba ta kai tasu ba. Wanda aikinsa ya faɗa wannan babi, tadbiri shi ne ya sa furosesa guda, ya zuba ragowar kuɗinsa a kati.

Game da ciniki kuwa, malamanmu na fiƙihu tun tuni sun hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, sun kuma tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Saboda haka kada kunya ta hana ka gwaji a gaban mai shago. Haska tocila a gurbin furosesa ka duba, domin ƙafafunsa sirara ne kamar gashi, kuma ɗaya tak da ta lanƙwashe tana iya kashe layin RAM sukutum. Sa manhajar MemTest86 ta bincika RAM, sa na'urar ta yi rendarin na sa'a guda kana lura da zafinta, ka kuma tabbata ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba. Tsohon faifan ajiya da ya shekara da shekaru yana juyawa dare da rana, kada ka ba shi amanar aikin mutane; sayi sabon SSD, sabunta man da ake shafa wa furosesa, ka tanadi sitabilaiza da UPS tun ranar farko. Sharaɗin mayarwa kuma a rubuta shi a takarda, da kwanakinsa, a gaban shaida.

Hukunci dai a taƙaice shi ne: wanda ke da tsayayyiyar wuta, da ɗaki mai iska, da aikin da ke cin ƙwayoyi masu yawa, tsohuwar Xeon v3 ko v4 a cikin kwamfutar tsaye za ta yi masa hidima ta gaske. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, muna ba shi shawara ya ƙara haƙuri, ya ƙara tari, ya sayi ƙaramar kwamfuta ta zamani da kati mai kyau. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare mu daga hasara.