INJINIYAN SAUTI: BA A GANINSA, AMMA SHI KE RIƘE DA TARO

Duk wanda ya taɓa halartar babban wasa a Ikko, ko a filin Tafawa Ɓalewa ko a babban ɗakin wasanni na Iganmu, ya san inda idon jama'a yake komawa. Mawaƙi ake kallo, shi ake yi wa tafi, shi ake yi wa liƙi. Amma can tsakiyar 'yan kallo akwai wani mutum tsaye a bayan wani tebur mai maɓallai rututu, ba ya rawa, ba ya tafi, kunne kawai ya kasa. Wannan shi ne injiniyan sauti, teburin nan kuwa shi ake kira miksa. In ya yi aikinsa daidai, ba wanda zai san da shi. In kuwa lasifika ta yi kuka sau ɗaya, to, mutum dubu ne za su waiwayo su harare shi.

Wannan sana'a ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai. A Agege da Idi-Araba da Obalende, haka a Sabo ta Badun, samari da yawa suna cin abinci da hayar lasifika, yau biki, gobe mauludi, jibi wa'azi ko taron siyasa. Galibinsu ɗaukar kaya da ja da waya suka iya, sa'an nan su murɗa maɓalli har ƙarshe. Alhali kuwa aikin ilmi ne mai zurfi, yana da malamai da makarantu, yana kuma kai mai shi ƙasashen duniya.

YADDA ABIN YA FARO

Dole ce ta haifi wannan sana'a. Ran 15 ga Agusta 1965 mawaƙan nan na Ingila da ake kira Beatles suka yi wasa a filin Shea na birnin New York, a gaban mutum fiye da 55,000. Kayan da aka tanada ba su kai su ratsa ihun 'yan kallo ba. Jama'a ba su ji waƙa ba, su kansu mawaƙan ba su ji junansu ba. Bayan shekara guda, a watan Agusta 1966, suka daina yawon wasa ɗungum, kuma wannan matsala tana cikin dalilansu.

Daga nan masu ilmin lantarki suka duƙufa. A 1969 wani Ba'amurke mai suna Bill Hanley ya kafa lasifikoki a kan dogayen hasumiyoyi a taron Woodstock, inda mutum wajen 400,000 suka hallara a fili. A 1974 wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna Grateful Dead ta gina bango guda na lasifika fiye da 600, nauyinsa ya kai tan 75, sai da tirela huɗu ake ɗaukarsa. Sautin ya yi kyau, amma ɗawainiyar ta fi ƙarfinsu, kafin shekarar ta ƙare suka ajiye shi. Wajen farkon shekarun 1990 wani masani Bafaranshe, Christian Heil, ya fito da dabarar jera lasifikoki ɗaya bisa ɗaya a rataye su kamar ayaba, yadda sauti zai isa na baya ba tare da ya kurmantar da na gaba ba. Irinsu ne ake gani rataye a manyan tarurruka yanzu.

YININ MAI YAWO

Injiniyan da ke bin mawaƙi gari gari shi ne na farkon isa fili, shi ne kuma na ƙarshen barinsa. Da hantsi ana sauke kaya daga mota, shi yana zagaya wurin yana tafa hannu, yana saurare ya ji yadda bango da rufi ke maido da amo. Ɗakin siminti mai rufin kwano dabam, fili buɗaɗɗe dabam. Bayan an rataye lasifikoki sai ya sa wata waƙa da kunnensa ya haddace sarai, da ita yake auna wurin. Da la'asar makaɗa su zo a gwada su ɗaya bayan ɗaya, daga mai ganga har zuwa mawaƙi. Bayan an tashi wasa, watakila ƙarfe biyun dare, a naɗe waya a loda kaya, a kwana a mota, gari ya waye a wani gari.

A babban wasa injiniya biyu ne. Na tsakiyar jama'a shi ke haɗa abin da 'yan kallo za su ji. Na biyu yana gefen dandamali, aikinsa shi ne ya ba kowane makaɗi abin da yake bukata ya ji a kunnensa, domin mai ganga so yake ya ji mai jita, mawaƙi kuwa muryarsa yake so ta fi ta kowa. A 1983, lokacin da King Sunny Ade ya zagaya Amurka bayan fitowar faifansa Juju Music na 1982, ya tafi da mutum wajen ashirin: masu jita da yawa, masu kalangun Yarabawa, da 'yan amshi. Kowannensu da makirufonsa, kowane makirufo da layinsa a kan miksa. Mutum ɗaya ne da yatsu goma zai daidaita su duka, kada ganga ta danne murya, kada jita ta ɓace.

Kukan nan da lasifika ke yi, wanda ke sa mutane su toshe kunne, ba aljani ba ne, ba kuma lalacewar kaya ba ce. Sauti ne ya fito daga lasifika ya sake shiga makirufo, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa ya sake shiga, yana ta zagaye. Maganinsa uku ne: a sa lasifika a gaban makirufo ba a bayansa ba, mai magana ya matso da bakinsa kusa, sa'an nan a gano ainihin muryar da ke kukan a rage ita kaɗai. Gwani da jin kukan ya san maɓallin da zai taɓa.

ISKA MA DA NATA

Sauti yana tafiyar mita 340 da 'yan kai a cikin sakan ɗaya. Watau mutumin da ke nesa da dandamali da mita 100, sai bayan kusan sulusin sakan murya take iso masa. In an kafa masa wata lasifika kusa da shi, wadda waya ke kai wa saƙo nan take, zai ji kowace kalma sau biyu, magana ta dagule. Saboda haka injiniya yakan auna nisan, ya jinkirta lasifikar baya daidai da lissafi, har muryoyin biyu su iso tare. Rashin sanin wannan shi ya sa a wasu wuraren wa'azi na baya ba sa fahimtar abin da malam ke cewa, ko da an cika fili da lasifika.

Har wa yau, yanayi yana sauya sauti. Busasshiyar iska irin ta hunturu a Kano ko Sakkwato tana shanye siraran muryoyi kafin su yi nisa, fiye da yadda iskar Ikko mai laima ke yi. Ƙura tana shiga maɓallan miksa ta sa su ƙarar-ƙarar, iskar teku mai gishiri kuwa tana sa bakin waya tsatsa. Ɗakin da aka gwada babu kowa, in ya cika da mutane sai ya zama wani abu dabam, domin jiki da tufafi suna shan amo. Wanda ya ƙetare teku kuma ga wata matsala: wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Wanda ya jona kaya bai duba ba, hayaƙi zai gani.

ƊAKIN ƊAUKAR MURYA

Ɗaya ɓangaren sana'ar shi ne ɗaukar murya a sitidiyo. A fili, kuskure in ya wuce ya wuce, ba a maimaitawa. A sitidiyo ana iya maimaitawa sau ashirin, amma abin da aka ɗauka zai zauna har jikoki su ji shi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015, amma ana jin kalangun wancan da kuntigin wannan har gobe, saboda wasu ma'aikata a gidajen rediyo da kamfanonin faifai sun san inda za su kafa makirufo. Mutane kaɗan ne suka san sunayensu.

Ikko tana da tarihi a wannan fanni. A 1973 Paul McCartney, ɗaya daga cikin Beatles ɗin nan, ya zo ya ɗauki mafi yawan faifansa Band on the Run a sitidiyon kamfanin EMI da ke Apapa, a kan na'ura mai layi 8 kacal. A shekarar ce kuma Ginger Baker, Baturen nan makaɗin ganga abokin Fela, ya buɗe sitidiyo mai layi 16 a Ikeja. Injiniyan da McCartney ya taho da shi, Geoff Emerick, ya shiga EMI a London a 1962 yana ɗan shekara 16, a matsayin yaron sitidiyo mai ɗora tef da sauke shi. Yana da shekara 20 aka damƙa masa ɗaukar faifan Beatles. Daga ƙasa ya faro, yana kallo, yana tambaya.

MALAMIN SAUTI

Yawon wasa yana da lokacinsa. Wata uku ana kan hanya, wata uku ana zaune, ga shi jiki ba ya jure kwanan mota har tsufa. A 2020, da annobar korona ta hana taro a duniya, ma'aikatan wasa suka wayi gari ba aikin yi. Wannan ne ya sa injiniyoyi da yawa suke haɗa taura biyu, su yi yawo, in sun dawo su koyar. Makarantun ma sun fi son irinsu, domin wanda janareta ya taɓa mutu masa a gaban mutum dubu biyar ya san abin da littafi bai faɗa ba.

Koyar da aikin a aji ya daɗe. A 1949 aka fara shi a makarantar kiɗa ta garin Detmold a Jamus. A 1976 Tom Misner ya buɗe makarantar SAE a Sydney ta Ostireliya, wadda daga baya ta yi rassa a ƙasashe da dama. A nan gida akwai makarantar horar da ma'aikata ta Rediyon Tarayya a Ikeja, da kwalejin talabijin ta NTA da cibiyar koyon aikin fim, duka biyu a Jos.

Malami nagari ba ya fara ɗora ɗalibi a kan miksa. Naɗe waya yake fara koya masa, domin wayar da aka naɗe a gwiwar hannu tsinkewa take yi ta ciki. Sa'an nan ya koya masa bin hanyar sauti, daga baki zuwa makirufo, zuwa miksa, zuwa amfilifaya, zuwa lasifika, yadda in abu ya ɗauke zai bi layi ya gano inda ya katse, ba ya tsaya yana dukan akwati ba. Sai kafa makirufo: algaita da kakaki a ja musu baya, kukuma da kuntigi a matso musu. In makirufo biyu suna kusa, nisan da ke tsakaninsu ya ninka nisan kowanne daga mai shi sau uku. Zai kuma nuna masa cewa ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin wajen sau goma. Kwamfuta ta sauƙaƙa ɗaukar murya, yaro yana iya yi a ɗakinsa, amma ba ta canja ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idodi ba.

HATSARI BIYU

Na farko wuta. In lasifika tana gunji, wasu sukan cire waya ta uku, wadda ke kai wuta cikin ƙasa, sai gunjin ya ɗauke. Wannan wasa da rai ne. Ran 3 ga Mayu 1972, a garin Swansea na Birtaniya, wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirufon da ba a haɗa masa wannan waya ba, wuta ta ja shi ya mutu a gaban 'yan kallo, yana ɗan shekara 27. A ƙasar da ake jona kaya da janareta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina, wannan labari abin riƙewa ne.

Na biyu ya fi shiga a ɓoye. Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa kunne yana jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In an kai 100, minti 15 ne kawai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada wuraren wasa su wuce desibel 100, ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji. Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gasu wajen 15,000, su ne ke ɗaukar sauti, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Yaron da ke wuni a gindin lasifika, ya koma gida kunnensa yana ƙugi, jarinsa yake ci. Shi ya sa manyan injiniyoyi suke yawo da abin toshe kunne a aljihu. Hukuma ma ta sa ido: a 2016 gwamnatin Jihar Ikko ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda yawan ƙara.

SAURA GA SAMARI DA IYAYEN GIDA

Ƙofar wannan sana'a a buɗe take, musamman a Ikko inda kamfanonin hayar kayan sauti da sitidiyo suka fi yawa, ga kuma kasuwar Alaba inda kayan suke. Abin da ake nema shi ne ɗan lissafi, Turancin karanta takardar na'ura, haƙuri, da riƙon amana, domin kayan miliyoyin naira ake bar wa mutum. Yaron da ya riga ya saba da ɗaukar akwati ya ci rabin hanya. Ya nemi gwani ya zauna a ƙarƙashinsa, ya tara 'yan kuɗi ya shiga kwas ko da na yamma ne.

Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai na unguwannin Kurmi su ma suna da rawar takawa. Sau da yawa akan tara kuɗi a sayi sababbin lasifikoki, alhali ciwon yana ga rashin wanda ya iya kafa su. Da za a ware kaɗan daga ciki a tura yaro ɗaya ya koyo aikin, da huɗuba ta isa sahun baya tsaf, maƙwabta sun sami barci, yaron kuma ya sami sana'ar da zai riƙe iyali da ita, ya koya wa na bayansa. Allah ya sa a dace.