Fatsa Mai Araha: Kifi Bai San Kuɗin Sanda Ba

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun sha ganin masu kamun kifi a waya, riƙe da sanda mai ƙyalli da ƙarfen naɗe zare a gindinta. Har wasu sun fara ɓoye kuɗin tara don su sayi irinta. Kafin mu kwana da yunwa a banza, bari mu san abin da ake saya.

Wasu daga cikin irin waɗannan sanduna an ƙera su ne don bakin teku, kamar na Legas. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi. Shi ya sa ake yin zobban sandar da ƙarfen da ba ya tsatsa. Abin naɗe zaren kuma amfaninsa jifa mai nisa, da sakar wa babban kifi zare in ya ja da gudu. Waɗannan su ke sa ta tsada. Mu kuwa a Likoro ruwan daɗi gare mu: rafi da kududdufin fadama, sai Galma da Kubanni a Zariya. Tarwaɗa da karfasa kusa da gaɓa suke kiwo, ba sai an yi dogon jifa ba.

To, me muke bukata?

Sanda: busasshiyar gora mai tsawon mita 2 zuwa 3, mai siririn kai. Lanƙwasar kan nan ita ce sirrin. In kifi ya fizga, sandar ce ke shanye ƙarfinsa, zare ba zai tsinke ba.

Zare: na lailon, tsawonsa daidai da sandar. In ya zarce haka, fito da kifi zai yi wuya.

Ƙugiya: ƙarama ga karfasa saboda bakinta ƙarami ne, matsakaiciya ga tarwaɗa.

Alama: totuwar kara ko guntun tsohon silifa. Da ta nutse, kifi ya ci.

Nauyi da abinci: ɗan ƙaramin noti a saman ƙugiya, sai tana daga jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Duk cikinsu zare da ƙugiya kaɗai za mu saya. Sauran aikin na sani ne. Tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, da asuba ko da yamma, tana laluben abinci da gashin bakinta, don haka sai mu matsar da alama sama, tana ta sauka ƙasa. Karfasa kuwa ta fi son gefen ciyawa. Mu tuna, a bikin Argungu da aka fara tun 1934, da koma masunta ke fito da giwan ruwa.

Sai dai mu kiyaye. Kada mu tafi ba izinin iyaye, ko mu kaɗai, ko lokacin karatu. Mu tsaya a gaɓa, domin shiga ruwan kwance na jawo tsargiya, zurfinsa kuma ba ya nunawa daga sama. Mu yi hattara da ƙayar tarwaɗa. Ƙananan kifi mu mayar da su ruwa, mu kuma guji zuba guba, don dabbobinmu ma nan suke sha.

Kuɗin tara dai a ci ƙosai da shi. Allah Ya ba da sa'a.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta