Soket Da Fulogi: Hanyar Kauce Wa Gobara A Gida

A unguwannin Hausawa na Ikko, kamar Agege da Idi-Araba, iyalai da yawa suna zaune ne a ɗakin haya mai soket ɗaya tak. Nan ake jona fanka da talabijin da firiji da cajar waya. Saboda haka wajibi ne kowane mai gida ya san waɗannan ka'idoji.

Yadda soket zai zauna a bango

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma soket ɗin da aka fi amfani da shi mai rami uku ne, irin wanda Ingila ta fito da shi a 1947. Rami ɗaya na wayar kariya ne, watau wadda ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan na'ura ta lalace. Lalle ne wannan ramin ya kasance a sama. Idan mutum ya fuskanci soket, ramin dama shi ke kawo wuta, na hagu yana mayar da ita.

Dalilin wannan tsari shi ne igiyar fulogi ta sauko ƙasa sak. In aka kafa soket a kife, igiyar za ta lanƙwashe har ta tsinke a wuya, ruwan da ya bi ta kuma ya gangara cikin fulogin.

Doguwar ƙafar fulogi ita ke buɗe murfin da ke tsare sauran ramuka biyu daga yatsun yara. Kada a tura tsinken ashana a buɗe shi don cusa fulogi mai ƙafa biyu.

Manyan fulogai a kan allon jona wuta

Babbar caja takan toshe ramin da ke kusa da ita. A sa ta a bakin ƙarshe na allon, ko kuwa a sayi allo mai tazara tsakanin ramuka. Kada a matsa fulogi a karkace, domin ƙafar da ba ta shiga sosai ba takan yi zafi har roba ta narke. Haka nan kada a jona allo a jikin wani allon.

Komai yawan ramukansa, allo mai kyau amfiya 13 kaɗai yake ɗauka, watau kusan wat 3,000. Butar lantarki takan ci wat 2,000, dutsen guga kuma 1,000 ko fiye. In an haɗa su biyu, an kai iyaka ke nan. Irin waɗannan sai a jona su a bango, ɗaya bayan ɗaya. A guji allon jabu mai siririyar waya; don hana shigowar irinsa ne Hukumar SON take binciken kayan lantarki.

In an ga alama

Da zarar an ji ƙaurin roba, ko an ga soket ya yi baƙi, a kashe wuta daga babban makunni, a kira ƙwararren mai gyaran wuta. In gobara ta tashi, kada a watsa ruwa kafin a yanke wutar. Mazauna Jihar Legas su buga 112 ko 767.

Jama'a, rigakafi ya fi magani.