Gandun Dindir: Dogarin Daji, Barewa da Hausawan Bakin Rahad

Masu ba da labarin Hausawan Sudan sukan fara daga hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi su ƙare a gonakin audugar Jazira. Ba kasafai ake waiwayar waɗanda suka gangara gabas suka zauna a bakin kogunan Dindir da Rahad ba, alhali su ne suka wayi gari suna maƙwabtaka da gandun namun daji mafi suna a ƙasar. Gandun Dindir yana kudu maso gabashin Sudan, a kan iyakar Habasha, ya ratsa jihohin Sinnar da Gadarif da Shuɗin Nilu, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 10,000. Turawan Ingila ne suka keɓe shi a 1935, shekara biyu bayan yarjejeniyar Landan ta kare namun dajin Afirka. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su a 1979, aka kuma shigar da fadamunsa cikin yarjejeniyar Ramsar a 2005.

Zaman Hausawa a wannan yanki da kafuwar gandun asalinsu ɗaya. Baturen nan Samuel Baker, da ya bi ta bakin Rahad da Dindir a 1862, ya tarar da ƙasa mai mutane da garkuna. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwar 1888 zuwa 1889 suka share ta, ƙauyuka suka zama kufai, namun daji suka gaje wurin. Wannan kufai ne Turawa suka tarar, suka yanki wani sashe suka ce na dabbobi ne, wani sashen kuma suka shiga neman wanda zai nome shi. Mark Duffield, a littafinsa na 1981 kan garin Mai Wurno, ya nuna yadda gwamnatin mulkin mallaka ta karɓi Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa hannu bibbiyu a wajajen 1906, ta bar shi ya kakkafa ƙauyuka a bakin Shuɗin Nilu, domin tana cikin ƙishirwar manoma da 'yan ƙwadago. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 buƙatar ta ƙaru. Mahajjata masu bin ƙasa ta Maiduguri da Abeshe da Al-Junaina da Al-Ubayyid, waɗanda J. S. Birks ya bi sawunsu a bincikensa na 1978, suka riƙa tsayawa neman guzuri, da yawansu kuma tsayuwar ta zama zama. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya rubuta a kan Hausar Sudan a 1999, aikinsa kuma ya nuna yadda wannan al'umma ta bazu a bakin koguna ta riƙe harshenta. Noman fadama da kamun kifi, sana'o'in da aka san Bahaushe da su a Sudan ke nan, dukansu biyu kuwa ba sa yiwuwa sai kusa da ruwa.

Ruwa shi ne ran Dindir. Kogin yakan sauko daga tsaunukan Habasha da damina, ya cika ya batse, sannan da rani ya koma rairayi, sai 'yan gurabe nan da can. Abin da ke riƙe dabbobi har faɗuwar ruwan sama shi ne tafkunan da mutanen wurin ke kira maya, wato tsofaffin hanyoyin kogi da ambaliya ke cikawa, irin su Ras Amir da Musa da Abdul Gani da Girairisa. Salah Hakim da abokan aikinsa, a ƙarshen shekarun 1970, sun kasa dajin kashi uku: bakin kogi mai goruba da tsamiya da ɓaure da bagaruwa, da tudu mai dushe da aduwa, sai kuma waɗannan tafkuna masu ɗanyar ciyawa. A nan kwanta-rafi da gwambaza da batsiya da mazo ke kiwo, tare da ɓauna da gadu da jimina, zaki kuma na laɓe yana jiran rabonsa. Ƙidayar da Hans Bauer da masu binciken Sudan suka buga a 2019 ta sa zakunan gandun a kan ɗari da hamsin da 'yan kai.

Mai tsaron wannan dukiya a Sudan ɗan sanda ne, da kaki da bindiga, ƙarƙashin rundunar kare namun daji, dokar da yake aiki da ita kuma ita ce ta 1986. Babban sansaninsa na Galagu, a tsakiyar daji. Aikinsa ya wuce kamun mafarauci. Shi ke sintiri a mota da raƙumi da ƙafa, shi ke ƙirga dabbobi a bakin tafki don a san wace ta ƙaru wace ta ragu, shi ke share hanyar kare gobara kafin ciyawa ta bushe, shi ke lura da magudanan da ke kai ruwa tafki kada laka ta toshe su. Idan tafki guda ya ƙafe da wuri, dabbobinsa sukan koma na kusa su yi masa yawa, ciyawa ta ƙare, masu rauni su faɗi. Da damina kuwa baƙar laka takan rufe hanyoyi na tsawon watanni, mota ba ta shiga ba ta fita. Shekaru da dama al'adar ita ce a janye yawancin dogarai daga tsakiyar daji har ƙasa ta bushe, mafarauta kuma sun san wannan lokaci sarai.

Sai dai ba mafarauci ne ya yi wa Dindir babbar illa ba, kuma a kan wannan masana suka fi haɗuwa. Rahoton da William Dasmann ya rubuta wa hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1972 ya ja kunne cewa dabbobin gandun ba a cikinsa suke kwana duk shekara ba. Idan laka ta jiƙe sukan fita zuwa tuddan da ke kewaye, su dawo da rani. Waɗannan tudda su ne aka raba wa masu noman tarakta. Noman ya fara a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, aka kafa masa hukuma a 1968, sannan dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Daga nan 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da hafsoshi suka samu filaye masu faɗin gaske a Gadarif da Dali da Mazmum, suka sare itatuwa suka zuba dawa da riɗi. Dabbar da ta fita kiwon damina sai ta tarar da gona da bindiga. Wouter van Hoven da Mutasim Nimir na ƙungiyar kare muhalli ta Sudan, a maƙalarsu ta 2004, sun bayyana yadda garkunan suka zube. Dari, wanda a da yake cikin dabbobin da suka fi yawa, ya ƙare. Wani nau'in barewa da ke yawo tsakanin gandun da filayen arewa ya ɓace. Raƙumin dawa ma an daina ganinsa. Rahoton muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 ya sake nanata wannan hoto.

Taraktar da ta kori dari ita ta kori talaka. Makiyaya, Larabawa da Fulani, suka rasa burtali da wuraren kiwo, suka juya da shanunsu cikin gandu, suka shigo da cututtuka irin su bushiya da ta taɓa yi wa namun dajin ɓarna. Farin 1984 zuwa 1985 ya turo dubban mutane daga Darfur da Kordofan zuwa bakin Rahad. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka faɗaɗa iyakar gandun, ƙauyuka kimanin goma na bakin Rahad suka kwana a waje suka tashi a ciki. Bayanan da aka tattara don tsarin kula da gandun na 2004 sun lissafa Hausawa da Fulani cikin mazauna wannan kewaye, tare da Masalit da Zagawa da sauran mutanen yamma. Ballewar Sudan ta Kudu a 2011 ta toshe wa makiyaya hanyar kudu, yaƙin Shuɗin Nilu da ya tashi a shekarar ya ƙara cunkoso.

Ga Bahaushen da ke zaune a irin wannan ƙauye, dokar gandu ta shafi kusan duk abin da hannunsa ya iya. Tafkin da ke cike da tarwaɗa haramun ne ya jefa koma a ciki ba da izini ba. Kabar da matarsa za ta saƙa tabarma a cikin gandu take. Zuma da ƙaro da itacen girki da ciyawar jinka duk haka. Gonarsa ba za ta faɗaɗa ba ko da 'ya'yansa sun yi aure sun hayayyafa. Wanda aka kama, tara ce ko ɗauri, makiyayi kuma a ƙwace wani kaso na garkensa. Ba a cewa dogari ba shi da hujja: mai ɗiban zuma da wuta yakan tashi gobarar da za ta cinye daji, masunta idan suka kafa sansani a bakin tafki dabbobi ba sa zuwa shan ruwa, gawayi kuma ya cinye dushe mai yawa. Amma idan aka ɗaure mai kwandon kaba aka bar mai gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta a kan hanyar dabbobi, an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya sa wannan hali ya fi yi wa Hausawa ciwo shi ne tsohon mikin nan na ƙasa. Sauran ƙabilu da dama suna da yankin da ake kira nasu da sarautar gargajiya da za ta tsaya musu a gaban hukuma. Duffield ya nuna yadda aka rage wa Mai Wurno iko tun zamanin Turawa, aka mai da ƙauyukan jama'arsa ƙarƙashin sarakunan wasu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa suna Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijirar Burmi da mahajjatan da suka biyo baya a bakin ƙofa na tsawon lokaci. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjata a Jazira suna ɗaukar kansu matafiya masu jiran ranar ƙarasawa Makka, ba sa ɗokin ginin dindindin. Wannan niyya abin girmamawa ce, amma ta zo daidai da son ran masu cewa Bahaushe baƙo ne. Wanda ba shi da takardar gona, ba shi da sarkin da zai yi magana da yawunsa, idan aka ja layin gandu ta kan gonarsa ba shi da inda zai kai kuka.

An ga sakamakon wannan a 2022. Hausawan Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarauta tasu, aka ƙi, rikici ya ɓarke a watan Yuli a Rusairis da kewaye, hukuma ta ce mutum fiye da 100 sun mutu. A watan Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 200, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Khartum da wasu biranen. Kafin a share hawaye yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya zo. Dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati suka kama garin Sinja a ƙarshen Yunin 2024, suka shiga garin Dindir, sojoji suka ƙwato garuruwan biyu kafin ƙarshen shekarar. Jama'ar da ta rasa gona da kasuwa daji take komawa neman abinci, dogarin da gwamnatinsa ke fama da yaƙi kuma ba shi ne za a fara tunawa da shi wajen mai da albashi ba.

An taɓa gwada wata hanya. A farkon shekarun 2000 wani shiri na hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da majalisar muhalli ta Sudan ya kasa gandun zuwa tsakiyar da ba a taɓawa, da kewayen da ake yarda a amfana da shi bisa ƙa'ida, da yankin zaman jama'a. Aka kafa kwamitocin raya ƙauyuka, aka ba su asusun rance mai juyawa, aka yashe wasu tafkuna da magudanansu. Shirin ya nuna cewa mutumin ƙauye yakan saurari dogari idan ya ga rabonsa a cikin dajin. Abin da bai iya taɓawa ba shi ne manyan gonaki da batun mallakar ƙasa, su ne kuwa tushen matsalar.

Saboda haka idan ƙura ta lafa aka zauna gyaran Sudan, shugabannin Hausawa na Sinnar da Gadarif da Shuɗin Nilu kada su bar maganar Dindir ga masana dabbobi kaɗai. Su nemi a yi wa gonakin ƙauyukan bakin Rahad rajista da sunan masu noma su, a ba masunta izinin kamun kifi na lokaci a tafkunan kewaye, a buɗe wa makiyaya burtali ta cikin manyan gonaki. Matasanmu da suka yi karatu su nemi shiga rundunar kare namun daji da sashen bincikenta, domin yaron da ya tashi a bakin Rahad ya san sawun gwambaza da lokacin cikar tafki tun kafin ya shiga aji. Mu kuma da ke Kano da Sakkwato da Damagaram, mu daina tuna 'yan'uwan nan sai ranar da aka kashe su. Jami'o'inmu su tura ɗalibai su rubuta halin da suke ciki, ƙungiyoyinmu su tallafa musu da lauyoyi a kan shari'ar ƙasa, tun kafin a sake jan wani layin ta kan gonakinsu.