Shaidar Gaibu da Yardar Gida: Sauya Jinsi a Labaran Al'ajabi na Matasa a Amurka

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba wani reshe na adabin matasa da ya bunƙasa a Amurka daga wajejen shekarar 2016, wato ƙagaggun labarai na al'ajabi waɗanda tauraronsu matashi ne mai sauya jinsi. Abin da muke nufi da mai sauya jinsi, wanda ake kira « transgenre » da Faransanci, shi ne mutumin da jinsin da yake ji a ransa ya saɓa da wanda aka san shi da shi tun ranar haihuwa. Ba mu yi amfani da kalmar ɗan daudu ba, domin ita tana nuni ne ga wani matsayi na zamantakewa da sana'a a ƙasar Hausa, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009 a kan Kano. Ɗora ta a kan taurarin Amurka zai kawo ruɗani.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa a waɗannan labarai, abin al'ajabi yakan yanke hukunci a kan ainihin tauraro tun da farko, sa'an nan ya bar wa iyali tambayar da ta fi wuya: za su karɓe shi ko kuwa? Littattafai uku za mu kafa hujja da su: Dreadnought na April Daniels (2017), Pet na Akwaeke Emezi (2019) da Cemetery Boys na Aiden Thomas (2020).

2. Inda shakka ta koma

Kafin wannan zamani, labarin matashi mai sauya jinsi ya fi zuwa a sigar rayuwar yau da kullum. Misali shi ne Luna na Julie Anne Peters (2004), wanda aka ba da shi ta bakin ƙanwar tauraruwar. A irin wannan siga, tauraro ba shi da wata shaida sai maganarsa, kuma kowa na iya ƙaryata shi.

Labarin al'ajabi ya sauya wannan tsari. A littafinsa na 1970, Tzvetan Todorov ya rarrabe tsakanin « fantastique », inda mai karatu ke kai-kawo tsakanin yarda da shakka, da « merveilleux », inda ake karɓar abin gaibu a matsayin dokar duniyar labarin. Littattafanmu uku na rukuni na biyu ne. Mai karatu ba ya shakkar sihiri, saboda haka ba ya shakkar abin da sihiri ya tabbatar. Shakkar ta tashi daga kan mai karatu ta koma kan uba da uwa da dangi, kuma a nan ne labarin yake samun ƙullinsa.

3. Gidan da ya ƙi

A Dreadnought, Danny Tozer ƴar shekara 15 ce da kowa ke ɗauka namiji. Wani gwarzo mai ƙarfin al'ajabi ya faɗo kusa da ita yana gargarar mutuwa, ya miƙa mata ikonsa. Wannan iko yana mayar da jikin mai riƙe da shi yadda zuciyarsa ke so, nan take jikin Danny ya zama na mace. Babu sauran abin ɓoyewa, amma ubanta ya ɗauki lamarin a matsayin cuta, ya shiga neman likitan da zai mayar da ita yadda take a da. Daga ƙarshe iyayen suka kore ta daga gida.

Abin lura a nan shi ne, hujja ta kai matuƙa amma ba ta yi amfani ba. Littafin yana nuna cewa ƙin uban bai samo asali daga rashin sani ba, ya samo asali daga abin da yake so ɗansa ya zama. Wadda ke iya tashi sama ta kuma ceci birni, muryar ubanta na sa ta rawar jiki.

4. Gidan da ya jinkirta

Cemetery Boys ya fi shiga lungunan zumunci. Yadriel ɗan shekara 16 ne daga zuriyar ƴan Latin Amurka da ke zaune cikin wata maƙabarta a gabashin Los Anjeles. A al'adarsu an raba baiwa gida biyu: maza ke sallamar kurwar matattu da wuƙa, mata ke warkarwa da carbi. Ana ba yaro baiwarsa a wani biki idan ya kai shekara 15. An haifi Yadriel ana ɗaukarsa mace, kuma da aka sa shi ya gwada warkar da wata kyanwa, sai ciwonta ya ƙaru. Uwarsa, wadda ta tsaya masa, ta rasu. Ubansa Enrique, shugaban jama'ar, ya ɗage bikin, har ma ranar da maza suka fita neman wani ɗan'uwa da ya ɓata, ya umarce shi ya zauna gida tare da mata.

Yadriel ya yi bikin a ɓoye da taimakon ƴar'uwarsa Maritza, abar bautarsu kuma, wato Uwargijiyar Mutuwa, ta ba shi baiwar maza. Idan muka bi matakai uku na Arnold van Gennep (1909), wato rabuwa, zaman tsakani da komawa cikin jama'a, za mu ga Yadriel ya maƙale a na biyu. Gaibu ya karɓe shi a babobin farko, amma komawa cikin jama'a ba ta samuwa sai uba ya gabatar da shi a bainar dangi, abin da bai faru ba sai a bikin Ranar Matattu, a ƙarshen littafi.

Enrique ba mugu ba ne, yana son ɗansa, amma tsoron taɓa al'ada ya ɗaure shi. Kawun da ya fi kowa nuna wa Yadriel goyon baya, Catriz, shi ne aka gano yana bayan kisan da ake bincike, kuma shi ma an ware shi tun ƙuruciya don an haife shi da ƙarancin baiwa. Ta haka littafin ya nuna abin da wariya cikin gida ke iya haifarwa.

Akwai matsala guda da ya kamata mai nazari ya tsaya a kanta. Uban bai sauko ba sai da ya ga baiwar ɗansa da idonsa. Yardar da aka saya da bajinta tana da sharaɗi, kuma matashin da ke karanta littafin ba shi da wuƙar sihirin da zai nuna a gida.

5. Gidan da ya riga ya yarda

Pet ya kauce wa wannan matsala ta wata hanya. An haifi Emezi a Umuahia ta Najeriya cikin 1987, amma labarin ya gudana a wani ƙagaggen birni mai suna Lucille, wanda mutanensa ke cewa sun gama da dodanni. Jam ta faɗa wa iyayenta, Bitter da Aloe, cewa ita mace ce tun tana shekara 3, suka yarda ba tare da neman shaida ba. An ambaci wannan a ƴan shafuka aka wuce.

Halittar da ake kira Pet ta fito daga zanen uwar Jam bayan jinin yarinyar ya ɗiga a kansa, kuma farauta ta kawo ta: akwai dodo a gidan Redemption, abokin Jam. Dodon kawun yaron ne, mutum mai daraja a birnin, yana cin zarafin ƙanensa. Iyayen da suka gaskata Jam a kan jinsinta, su ne suka ƙi sauraren maganar dodo, suka ce ta mayar da halittar cikin zane. Tambayar ko manya za su gaskata yaro tana nan, an ɗauke ta ne kawai daga kan jinsi aka kai ta wani wuri. Littafin ya kai zagayen ƙarshe na babbar lambar adabi ta Amurka, ɓangaren matasa, a 2019.

6. Kammalawa

Littattafan uku sun ba mu gidaje uku, amma tsarinsu ɗaya ne: sihiri na iya sauya jiki, ko ba da baiwa, ko fito da halitta daga zane, amma a cikinsu babu inda ya tilasta wa uba ko uwa yarda. Wannan ya rage a hannun ɗan Adam, kuma shi ya sa muke ganin iyali ne ainihin jigon waɗannan labarai. Ga mai son ci gaba da bincike, akwai ma'auni mai sauƙi da zai iya ɗora wa sauran littattafan wannan reshe: a wane babi gaibu ya yi shaida, a wane babi gida ya yarda, kuma me aka nemi tauraro ya biya a tsakaninsu.