Yadda ake auna ɗalibin digiri na biyu a darasin ɗa'a ba tare da an hukunta aƙidarsa ba

A Gardole, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin N'Djamena, tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar N'Djamena take, jami'ar da aka kafa a 1971 da sunan Jami'ar Chadi. Duk wanda ya zurfafa karatu a fannin lafiya, ko shari'a, ko falsafa, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da ilimin ɗa'a na zamani, wato nazarin abin da ya dace da wanda bai dace ba a lamurran yau. A lissafi amsa guda ce. A nan kuwa masana biyu na iya saɓawa, kowa da hujjarsa. To, me malami zai ba maki?

Tsarin dai sananne ne ga duk wanda ya yi boko a Chadi, Nijar ko Kamaru. Ana bin tsarin LMD, digiri na biyu zango huɗu ne cikin shekara biyu. Maki a kan 20 yake, 10 ne tsira, 16 zuwa sama kuma shi ne "très bien". Ana haɗa ayyukan cikin zango da jarrabawar ƙarshe, sannan ɗalibi ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban kwamitin malamai, abin da ake kira "soutenance". A Najeriya a kan 100 ake ƙirga maki, amma matsalar ɗaya ce.

Misali daga Kano ya isa ya nuna ta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Rabi sun sami sabon maganin, rabi wanda aka saba da shi. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya sami yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Chadi ma tana cikin yankin da sanƙarau ke addaba, don haka wannan ba labarin nesa ba ne ga ɗalibin Gardole.

A ce an ba ɗalibai wannan batu. Na farko ya cika shafi huɗu da Allah wadai, bai taɓa tambayar mene ne yarda ba idan uwa ba ta karatu, ɗanta kuma yana hannunta rai kwakwai mutu kwakwai. Na biyu ya kawo Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, ya faɗi hujja mafi ƙarfi ta masu cewa lokacin annoba ne kaɗai ake iya gwada irin wannan magani, sannan ya nuna inda ta gaza. Ƙila matsayarsu ɗaya, amma na biyun ne ya yi aikin digiri na biyu. Ko da ya kai ga ƙarshen da malami bai so ba, makinsa na nan, muddin bai karkatar da gaskiyar abin da ya faru ba.

A nan ne malamai ke zamewa. Aji ɗaya a N'Djamena na iya haɗa Musulmi, Kirista da wanda ya sha littattafan Kant. Ɗalibin da ya kafa hujja da ƙa'idar fiƙihu ta cewa lalura tana halatta abin da aka hana bai cancanci ragi ba, haka bai cancanci ƙari ba don kawai malamin ɗan'uwansa ne a addini. Abin dubawa shi ne ko ya san iyakar ƙa'idar, ko kuma zai iya bayyana ta ga wanda bai yi imani da ita ba. Shi ya sa ya kamata a raba wa ɗalibai ma'aunin maki tun farkon zango, a ɓoye suna a takardar jarrabawa, malami na biyu kuma ya sake dubawa.

Akwai kuma batun harshe. Harsunan hukuma a Chadi Faransanci ne da Larabci. Ɗan Bahaushe da ya tashi da Hausa a gida, Larabcin Chadi a kasuwa, sau da yawa tunaninsa ya fi Faransancinsa kaifi. Idan ba a ware makin harshe daban da na hujja ba, mai zaƙin alƙalami ne zai riƙa cinye gasar.

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, maƙalar da aka rubuto daga gida ta rage daraja a matsayin shaida, kuma abin dariya ne a kama satar rubutu a darasin ɗa'a. Wannan ya ƙara wa jarrabawar baka nauyi. Ɗan kwamiti kan sauya abu guda a cikin batun, ya ce: to, da a ce an bayyana wa iyayen komai da Hausa, sun kuma sa hannu, gwajin ya halatta? Wanda ya yi tunanin da kansa zai ɗan yi shiru, ya gyara matsayinsa ko ya kare shi. Wanda aka rubuta wa kuwa, sai ya koma laluben shafi.