Ɗakin da Ƙura Ba Ta Shiga

A lokacin hunturu, duk mai sayar da burodi a Agege ya san halin ƙura. Ya goge teburinsa da safe, kafin azahar ya sake yin fari fat. Wannan ƙurar da ido ke gani ke nan. Akwai wadda ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ita ce babbar abokiyar gabar masu haɗa magunguna.

Mu ɗauki misalin ruwan da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti. Kai tsaye yake shiga jini. Idan ƙura ta faɗa ciki tun a masana'anta, ɗauke da ƙwayoyin cuta, maganin da aka yi don ceton rai sai ya zama ajali. Saboda haka ne kamfanonin magunguna na Ikeja da Ota, maƙwabtan Agege, suke aiki cikin ɗakuna na musamman waɗanda ake tace iskarsu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba irin waɗannan wurare.

Iskar ɗakin tana bi ta wani mataci mai suna HEPA, wanda ke tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikiron 0.3. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kaurin gashin mutum kuwa kusan maikiron 70 ne. Ana kuma tura iska ciki da ƙarfi, yadda in an buɗe ƙofa, ta ciki ce za ta fita, ta waje ba ta samun hanyar shiga. Wani Ba'amurke, Willis Whitfield, shi ya ƙago tsarin da iska ke gudana ɓangare guda, tana share ƙura ba tsayawa, a farkon shekarun 1960.

Abin mamaki, mutum ne ya fi kome ɓata ɗakin. Jikinmu kullum yana zubar da ɓurɓushin fata da gashi, magana kuma tana fitar da yawu. Don haka ma'aikaci ba ya shiga sai ya cire agogo da zobe, ya sa riga mai rufe jiki duka, da hula, da takunkumi, da safar hannu. Kwalliya ba ta da wuri a nan, ko da hoda ce. Sauri ma an hana, domin yana tayar da ƙura.

Ɗakunan tiyata na manyan asibitoci suna bin wannan dabara. Haka nan wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Computer Village ta Ikeja: ƙwaƙwalwar cikinsu a irin waɗannan ɗakuna ake ƙera ta, a Taiwan da Koriya ta Kudu, inda ƙwayar ƙura guda takan isa ta lalata ta.